Kin Kashe Kayan Wuta?

Ran da kwalin ya iso ina wurin aiki, Umma ce ta karɓa daga hannun mai kawo saƙo. Na dawo na tarar ta sa an ajiye shi a tsakiyar falo, tana zaune a kujerarta tana hararar sa kamar baƙon da ya shigo ba sallama.

"Me kika kuma sayo mana mai cin wuta?" ta ce.

Na ce mata modem ne, na intanet, kuma dominta na saya. Ta ce ita dai ba ta aiki kowa ba.

A lokacin watan Umma tara a wurina. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same ta a Kano. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, amma ya bar ta da jan ƙafar hagu da wani jiri mai zuwa ba shiri. Bayan wahalar takardu da ba na son tunawa, na ɗauko ta zuwa Dagenham, a gabashin London, inda nake zaune ni kaɗai tun mutuwar aurena, a flat mai ɗaki biyu a hawa na uku. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Whitechapel. Ƙarfe bakwai na safe nake ja mata ƙofa, ba na dawowa sai shida ta wuce. Awa goma sha ɗaya ke nan tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, wadda ba ta jin Turanci, tana zaune ita kaɗai a benen da maƙwabta ba su san sunan juna ba.

Abu ɗaya ne ya sa nake iya fita in bar ta. Wata mata daga council, wato ƙaramar hukumarmu, ta zo ta kafa mana wani farin akwati a kan kanta a falo, ta haɗa shi da layin wayar gida, ta rataya wa Umma ɗan jan maɓalli mai igiya a wuya. In ta faɗi, ko ta ji jikinta ba daidai ba, sai ta danna. Akwatin zai bi ta layin waya ya kira wani ofis, wata murya ta amsa, su turo motar asibiti, ni ma su buga mini. Matar ta manna jar takarda a kan soket ɗin akwatin, an rubuta kada a kashe. Umma ta sa wa maɓallin suna layar Turawa, muryar kuma ta kira ta Baturiya. Da ƙarfin wannan layar nake shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kowace safiya. Muddin wayata ba ta yi ƙara ba, to Umma lafiyarta ƙalau. Haka na ɗauka, kuma na daɗe ina ɗaukar haka.

Tsohon intanet ɗinmu ta wannan layin wayar yake zuwa, kuma ya gaji. Abin da Umma take jira duk yini shi ne bayan magariba in riƙe mata waya ta ga ƙanwarta da jikoki a Kano. Sai ana tsakiyar labarin wadda ta haihu, fuskar ƙanwar ta tsaya cak da baki a buɗe, Umma ta yi ta "Kina ji na? Kina ji na?" har ta gaji ta ture wayar. Ban taɓa ganin ta yi hawaye a kan ƙafarta ba, amma na ga ta share ido da gefen mayafi a kan wannan. Shi ya sa na koma kamfanin kebul.

Ni mace ce mai ji da kanta wajen haɗa abubuwa, har da ɗan girman kai a ciki. Ban yarda a turo mini kowa ba, na ce su aiko zan haɗa da kaina. Wanda ya zauna gidan kafin ni ya bar wani ɗan farin soket na kebul a bango, a lungun shigowa, dab da ƙofa, ƙasa da inda nake rataye makulli. Nan modem ɗin zai zauna dole, don igiyarsa gajeruwa ce. Na durƙusa na murɗa kan kebul ɗin a bango, na murɗa ɗaya kan a bayan modem, na jona wuta. Takardar da ke ciki ta ce a jira minti goma har fitilar gaba ta daina ƙiftawa ta tsaya fara. Na jira ashirin. Na kwance na sake murɗawa har yatsuna suka yi ja. Fitilar tana ta ƙifta kore, Umma tana leƙowa daga falo tana ba ni shawarar in mayar musu da abinsu tun bai lalace a hannuna ba.

Ranar Asabar suka turo ma'aikaci, wani gajeren dattijo mai furfura a gemu. Yana tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya ji Umma tana yi mini faɗa da Hausa, sai ya rangaɗa sallama. Ashe mutumin Ghana ne, ɗan zangon Kumasi, mazaunin Tottenham. Umma ta washe baki. Rabon da ta yi Hausa gaba da gaba da wani wanda ba ni ba, tun a filin jirgi. Nan take ta sa na dafa masa shayi, ta tambaye shi iyali da inda yake sallar Juma'a.

Ya sauka ƙasa ya buɗe akwatin kamfani da ke jikin ginin, ya tarar an cire igiyar flat ɗinmu tun tashin wancan mutumin. Ya mayar da ita, ya hawo. Ba a yi minti biyar ba fitilar ta tsaya fara sol. Ya kifa modem ɗin ya nuna mini lambar sirri a ƙasansa, na sa a wayata. Sannan ya ce tsohon layin waya ya mutu daga yau, yanzu wayar gida ta cikin modem take bi. Ya zare igiyar farin akwatin Umma daga tsohon ramin bango, ya ƙara mata tsawo, ya bi da ita gindin bango yana kafa ƙananan ƙusoshi, daga falo har lungu, ya soka ta a bayan modem. Ina tsaye ina kallo, ni nake miƙa masa ƙusoshin ma. Ya ce a gwada. Umma ta danna layarta, akwatin ya yi ƙara, Baturiya ta amsa tana tambayar ko lafiya. Na ce mata gwaji muke yi.

"Hajiya," ya ce da Umma yana tattara kayansa, da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji, "wannan abu, ka bar shi on. Dare, rana, kar ka kashe shi. Shi ba ya cin wuta."

Umma ta yi murmushi. "Haka mai talabijin ya ce mana."

Ya yi dariya bai san me take nufi ba, ni ma na yi, ni da na sani. A raina na ɗauka maganar gudun intanet yake yi, irin abin da masu kaya suke faɗa don a yaba kayansu. Bai ƙara bayani ba, ni kuma ban tambaya ba.

A ƙasan kwalin akwai wata takarda mai jan layi a gefe. Ta ce idan aka ɗauke wuta wayar gida ba za ta yi aiki ba, har da kiran gaggawa. Na karanta ta. Ina so a san na karanta ta, har sau biyu, a tsaye a kicin. Dariya ma ta ba ni, don shekarata goma sha ɗaya a London ban taɓa ganin an ɗauke wuta ko na minti ɗaya ba. Na naɗe ta na cusa a durowar cokula.

Maganar mai talabijin tana da tushe. Ina 'yar shekara goma sha biyu, wata Juma'a da hantsi muna kallo aka ɗauke wuta. Na tashi na bar talabijin yadda yake, muka tafi gidan suna a bayan layinmu. Da aka tashi kawo wutar sai aka kawo ta da ƙarfi, irin wadda take fasa ƙwan fitila a kan mutane. Talabijin ya kama, ya ba labule, labule ya ba silin. Ɗakin Umma ne. Gadonta ya tafi, da kwanukan aurenta, da keken ɗinkin da take ciyar da mu da shi tun rasuwar Baba. Ba ta dake ni ba. Da ta dake ni da na huta. Abin da ta yi shi ne, daga ranar duk za a fita sai ta tsaya a zaure ta ce, "Ke 'yar nan, kin kashe kayan wuta?" Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana. Sai in koma in bi soket ɗaya bayan ɗaya ina dannawa, ko da na san na riga na danna.

Na gama makaranta, na zo Ingila, na tarar soket ɗinsu iri ɗaya ne da namu, baki uku da ɗan makunni a gefe. Yatsana bai ma san ya canza ƙasa ba. Firji kaɗai nake ɗaga wa ƙafa. Talabijin, butar shayi, injin wanki, cajar waya, duk sai na bi su kafin in fita. A wurin aiki har tsiya suke yi mini, don na taɓa kashe musu injin kofi da rana tsaka. Da Umma ta zo sai abin ya koma yadda yake a gida sak, ita da tambaya ni da amsa. Farin akwatinta ne kawai ba na taɓawa, saboda jar takardar nan.

Litinin ta farko bayan zuwan dattijon, na zagaya gida kamar kullum, na zo ƙofa na miƙa hannu zan ɗauki makulli. Ga modem a ƙasa yana haskensa.

"Kin kashe?" Umma ta ce daga falo.

Ba mai amfani da shi sai yamma. Umma ba ta taɓa intanet in ba na nan, rediyonta mai batir da Alƙur'aninta sun ishe ta. Babu jar takarda a soket ɗinsa. Ban tsaya na auna komai ba, duk wannan lissafin daga baya na yi shi. Na sunkuya na danna, fitilar ta mutu.

"Na kashe, Umma."

"Allah ya tsare hanya."

Da yamma ina buɗe ƙofa, tun ban cire takalmi ba, na danna ya kama. Kafin in yi alwala in idar da salla fitilar ta tsaya fara. Haka abin ya zama, safe a kashe, yamma a kunna, kuma makwannin farko sun yi daɗi ƙwarai. Hoto tar, murya tar. Umma ta ga giɓin jikarta, ta ga sabon fentin zaure ta ce bai yi ba, ta shirya rigimar gado guda daga kan kujerarta. Har ta ce kwalin nan ashe ba asara ba ne, wanda a bakin Umma yabo ne babba. Kowace Lahadi kuma muna gwada laya kamar yadda matar council ta ce, Baturiya tana amsawa.

A mako na uku, ina zuba mata tuwo, ta ce, "Baturiyar nan ta fara magana ita kaɗai."

Na ce wace Baturiya.

"Ta cikin akwati. Ba na danna komai, sai ta kama magana."

"Me take cewa?"

"Ina na sani? Turanci ne. Abu ɗaya take ta maimaitawa, ta yi shiru, can an jima ta sake."

Na tashi na duba akwatin. 'Yar fitilarsa kore ce, lafiya lau. Na danna layar, aka amsa, na ba da haƙuri. Ranar Asabar na zauna a falo tun safe na kasa kunne, ko tari akwatin bai yi ba. Lahadi ma haka.

"In kina nan ba ta yi," Umma ta ce. "Kunyarki take ji. Sai kin fita."

 A asibiti nake aiki, na san abin da yake biyo bayan irin ciwonta wani lokaci. Tsohuwa ita kaɗai, tana jin murya, muryar kuma ba ta zuwa sai ba kowa. Na fara sa mata ido. Ina ƙirga ƙwayoyin maganinta a ɓoye. Ina tambayar ta yau wace rana kamar ni ce na manta, ina sa ta lissafo mini sunayen jikoki. Umma ba yarinya ba ce. Rana ta uku ta ajiye cokali ta dube ni.

"Gwada ni kike yi?"

Na ce haba Umma.

"To yau Laraba. Kuma ban haukace ba."

Daga nan ba ta sake yi mini maganar Baturiya ba. Sai dai na dawo wata rana na tarar ta ninka tsohon mayafinta gida huɗu ta lulluɓe akwatin, ta kuma ja kujerarta zuwa ɗaya gefen falo, ban san yadda ta yi da ƙafar nan ba. Na cire mayafin na ce zai sa akwatin ya yi zafi. Washegari na tarar ta mayar. Na ƙyale ta. Na ji tausayinta, na kuma ji tsoro, irin tsoron da yake sa mutum ya riƙa yi wa mahaifiyarsa magana a hankali kamar yana lallashin yaro, ita kuwa ba abin da ta tsana kamar wannan.

Na shiga ɗaki na kira ƙanwarta na rage murya. "Inna, ina jin fa kan Umma ya fara taɓuwa. Na yi mata booking da GP, likitanmu, ranar Alhamis ta sama, amma kada ki gaya mata." Inna ta yi salati, ta ce za ta sa a yi sauka.

A cikin kwanakin nan kamfanin kebul suka turo mini saƙo a waya, wai sun lura modem ɗina yana yawan sauka daga layi, in duba ko igiya ta saki. Na dawo gida na taɓa igiyar, tana nan daram yadda dattijo ya murɗe ta. Na ce kamfani da neman magana, na goge saƙon.

Ranar Talata ce, saura kwana biyu mu ga likita. Sanyi ya shigo sosai, bakwai na safe amma gari duhu. Kwana biyu ba ma wata hira ni da ita, daga gaisuwa sai ga abinci. Duk da haka da ta ji ƙarar makulli ta ɗaga murya.

"Kin kashe?"

"Na kashe."

Ƙarfe ɗaya, lokacin hutuna, na kira 'yar wayar hannunta. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na ce salla take yi. Ƙarfe biyu na fita baranda na sake kira, na ce barci ya ɗauke ta, ko kuma fushin ne bai huce ba. Na duba wayata da kyau, babu kira daga ofishin masu akwati. Da wani abu ya faru da ta danna, da sun kira. Na mayar da wayar aljihu na koma kan kwalaben jinin mutane, har ina jin haushinta kaɗan.

Uku da rabi na kira sau uku a jere. Sannan na yi abin da ba na yi, na kira wayar gida. Ba na kiran ta ne don kada Umma ta tashi da sauri a kan ƙafar nan. Ko ƙara ba ta yi ba. Wata murya ta ce ba a samun wannan lamba yanzu. Na cire safar hannu, na gaya wa shugabar ɗakinmu zan tafi, ban jira amsarta ba.

A cikin jirgi, da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa waya ta samu hanya, na sake kiran gida. Amsa ɗaya. Na fara zagin kamfani a raina. Sai na ce ko dai yau ce ranar da aka ɗauke wuta a Dagenham. Daga nan takardar da ke durowar cokula ta faɗo mini, mai jan layi. Daga ita sai igiyar da ke bin gindin bango, ƙusa bayan ƙusa, waɗanda ni na miƙa da hannuna. Na bi ta a raina tun daga farin akwati, ta fita falo, ta shiga lungu, har inda ta ƙare. Na dubi yatsana a kan wayar. Ba yau kaɗai ba. Mako shida, kowace ranar aiki, daga bakwai zuwa shida, Umma tana zaune da laya a wuya wadda ba ta haɗe da komai.

Na kira motar asibiti daga cikin jirgin, ina magana mutane suna kallona. Na nemi lambar maƙwabci ko ɗaya a wayata, babu. Tasha bakwai ta rage, kuma jirgin ya tsaya a kowace ya buɗe ƙofa ya jira, ko da ba mai shiga. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan zaman ba.

Na riga motar isa. Na haye benen da gudu na buɗe ƙofa, lungu duhu. Allah ya sani, abin da na fara yi ba kiran Umma ba ne. Hannuna ne ya sauka da kansa ya danna makunni kamar kowace yamma, sannan bakina ya buɗe.

A kicin na same ta, kwance a kan tayil ta gefen hagu, ƙafar ta juya waje yadda ƙafa ba ta juyawa. Gwangwanin ganyen shayi ya zube kusa da kanta. Bayan sallar walaha ta shigo haɗa shayi jirin ya ɗebe ta, wajen ƙarfe goma ke nan. Wayar hannunta tana kan kujera a falo, taku goma daga inda take. Jikinta sanyi ƙalau, leɓenta ya bushe, amma idonta biyu. Layar tana cikin tafin hannunta a dunƙule. Da na buɗe yatsun na ga shatin maɓallin ya zauna a babban yatsanta, ja, zagayayye.

"Na yi ta dannawa," ta ce, da ƙyar nake jin ta. "Ba ta amsa ba. Sai waccan maganar tata."

Na cire rigar sanyina ina lulluɓa mata, sai na ji ta. Modem bai gama tashi ba tukuna. Daga falo, daga ƙarƙashin mayafin nan mai ninki huɗu, muryar mace ta na'ura ta fito a natse da Turanci, tana gargaɗi cewa layin waya a katse yake. Ta faɗa sau biyu ta yi shiru. Abin da take gaya wa Umma ke nan tun mako shida, a gidan da mai jin Turanci ɗaya ce kuma ita ce take katse layin ta fice.

Umma ta juyo da ido ta dube ni. "Kin ji ta ko?"

"Na ji ta, Umma."

"Na gaya miki."

Can fitilar lungu ta tsaya fara. Akwatin ya yi ƙara ya fara kira da kansa, kiran da yake riƙe da shi tun ƙarfe goma. Baturiya ta gaske ta amsa da fara'arta, ta ce sun ga an danna maɓalli, ko lafiya.

Ƙashin ƙugunta ne ya karye. Karayar an yi aiki an gyara. Abin da ba a iya gyarawa ba shi ne awa bakwai a kan tayil mai sanyi ba ruwa, wanda ya taɓa ƙodarta ya sauka a ƙirji. Likitan ya gaya mini a hankali cewa da an same ta da wuri da labarin ya bambanta, bai san wa yake gaya wa ba. Kwananta goma sha tara a asibiti, ba ta sake ganin flat ɗin ba. A cikin kwanakin nan na nemi gafararta a kan zargin da na yi wa hankalinta, ta ce ta yafe. Ɗayan laifin kuwa, na kashe modem, na buɗe baki ya fi sau goma na kasa. Ta tafi tana ganin Baturiya ce ta ƙi amsa mata.

Amma ba asibitin ne yake dawo mini ba in na miƙa hannu zan ɗauki makulli. Fitar da ita daga gidan ne. Ma'aikatan motar su biyu suka ɗaure ta a kujerar ɗaukar marar lafiya, suka naɗe ta da bargo, suka sa mata abin shaƙar iska. Na kwaso magungunanta da carbinta ina biye. Da suka zo lungu suka tsaya in buɗe musu ƙofa, sai idonta ya sauka kan fitilar modem tana haske a gindin bango. Ta zaro hannu daga cikin bargo ta janye abin da ke bakinta.

"'Yar nan, kin bar abin nan a kunne."

Na tsaya riƙe da ƙofa. Ma'aikatan suna dubana, suna jiran in fassara musu.

"Kashe shi," ta ce, "kada mu dawo mu tarar da ɓarna."

Ba wanda ya rage a gidan da zai danna komai. Na sunkuya na kashe.

"Na kashe, Umma."

"Allah ya yi miki albarka," ta ce, suka fara sauka da ita.